Ranar da Muka Rufe Layin Kebbe

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, ranar Alhamis, a tsakiyar damina, mu huɗu ne a ɗakin oba-oba na ofishinmu da ke Tambuwal: ni, da babban akawu wanda shi ne shugabana, da makanikin rediyo da aka turo daga Sakkwato, da direbansa da ya tsaya bakin ƙofa yana duban gabas. Na tabbata da lokacin, domin agogon bango yana saman na'urar, kuma shekara shida ke nan ba na taɓa komai a ɗakin sai na dube shi. Makanikin ya zo ne ya kwance na'urar ya tafi da ita. Saura minti arba'in Kebbe ta kira, kuma akwai saƙo guda a can da bai iso ba. A lokacin ban san abin da ke cikinsa ba. Yanzu na sani, kuma gara in faɗa tun da wuri: neman mota ne da maganin dafi, domin wani manomi a Fakku da kububuwa ta sara a gona.

Zan bi abin daki-daki, domin haka na iya.

Da farko, aikin. A wancan zamani babu waya a ƙasarmu. Hanyar Kebbe kuwa, in ruwa ya kankama, mota kan yi wuni guda a kanta. Abin da ya haɗa mu da su shi ne oba-oba: akwatin ƙarfe mai cin batirin babbar mota, da igiyar eriya da aka ja daga rufin ofis zuwa kan bishiyar dogon yaro. Saboda batir, ba a barinta kunne. Sau uku ake buɗe layi a rana, ƙarfe takwas, ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe huɗu, minti goma-goma. Na buga ƙusa uku a bango. Ta farko ta saƙon da ke jira, ta biyu ta wanda na karanta, ta uku ta wanda ɗaya ɓangaren ya maimaita mini ya ce ya rubuta. Takarda ba ta tsallake ƙusa. Kowane saƙo yana da lamba, a littafina da littafin wanda ke can.

Ina da doka guda da kowa ya sani: abin da ba a rubuta ba, ba a sa masa hannu ba, ba saƙo ba ne. Ba don girman kai na kafa ta ba. A shekarata ta farko na taɓa karɓar maganar baki cewa ana neman motar ofis da gaggawa a wani ƙauye. Mota ta je, ashe kayan biki za a kwaso. Da aka tashi bincike wanda ya aiko ya ce shi bai ce haka ba, ni aka ba takardar tuhuma. Daga ranar na rufe wannan ƙofa.

Mutumin da ke riƙe da na'urar Kebbe, shekara huɗu muna magana sau uku a rana ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ni ina ce masa Kebbe. Shi yana ce mini Alƙali, saboda dokar nan. Mutum ne mai barkwanci, yakan ci minti guda cikin goman yana tambayata ko na yi dariya a makon nan, in na yi ya ce in ba shi lambarta ya rubuta.

Akwai wani abu da muka ƙulla tsakaninmu, wanda ba ya cikin kowace takarda. In hadari ya taso, na'urata takan ji shi, amma tasa ba ta jina. Sai muka shirya cewa in ya kira sau uku bai ji amsa ba, ya karanta saƙon sau uku a hankali, ya ɗauka na ji. Muna kiran wannan karanta wa iska. Bai taɓa ba mu kunya ba, domin lokacin kira bai taɓa yi ban kasance a kujerata ba. Ko ranar sunan ɗana na fari, ana raɗa suna na bar mutane da goronsu, ƙarfe takwas ta same ni a gaban na'ura. Ya san haka. A kan haka ya dogara.

Na biyu, dalilin rufewa. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo, komai ake cewa za a kawo sabo. Aka sauke turakun waya tsibi-tsibi a bakin hanya tun daga Dogon Daji. Sai takarda ta zo cewa tun da waya na tafe, a rufe layukan oba-oba ɗaya bayan ɗaya a mayar da na'urorin Sakkwato. Ba a kafa ko turke guda ba, amma takarda ta ce a rufe. Layin Kebbe shi ne na ƙarshe, an sa masa ranar Alhamis, bayan kiran ƙarfe huɗu.

Rufe layi yana da matakai biyar, haka aka koya mana a kwas. Na ɗaya, a sanar da ɗaya ɓangaren rana da sa'a. Na biyu, in aika duk abin da ke ƙusata. Na uku, shi ya aiko duk abin da ke tasa. Na huɗu, kowa ya karanta wa ɗan'uwansa lambar saƙon ƙarshe a littafinsa, a ga sun yi daidai. Na biyar, kowa ya ce ya rufe, sannan a zare batir. Haka na rufe Dogon Daji mako guda kafin nan. Lambobinmu suka yi daidai, muka yi wa juna addu'a, ya ce ya rufe, na ce na rufe. Abin bai ci minti bakwai ba.

Na uku, kiran sha biyu na ranar Alhamis. Na buɗe, muryarsa ta shigo da ƙarar iska a bayanta.

"Tambuwal, Tambuwal, Kebbe na. Alƙali, yau za mu rabu, ko za ka yi min kuka? Oba."

"Kebbe, ina jinka. Kawo abin da ag gare ka. Oba."

Ya karanta biyu, ɗaya kan takin zamani, ɗaya kan wani malamin makaranta da ke neman hutu. Na maimaita masa, na rubuta. Sai ya ce:

"Akwai wani, amma bai kai takarda ba tukuna. Wani ya zo da keke daga Fakku, malamin asibiti ya hau babur ya bi shi. Ya ce in gaya maka a shirya mota, in ya dawo shi rubuta. Oba."

"An rubuta? Oba."

"Na ce maka bai rubuta ba. Oba."

"An sa hannu? Oba."

"Haba Alƙali, yau ɗai! Wanga ba kayan biki ba na, mutum na, an ce..."

Wanda bai san oba-oba ba, ga abin da ya kamata ya sani: muddin ka danna maɓallin magana, ba ka jin wanda ke can, shi ma in yana magana ba ya jinka. Shi ya sa ake cewa oba, don kowa ya san an bar masa fili. Bai ce oba ba. Na danna a kansa. Na ce doka doka ce ko ranar rufewa, in malamin asibiti ya dawo ya rubuta ya sa hannu, zan karɓa ƙarfe huɗu. Da na saki maɓalli, ƙarshen maganarsa kaɗai na tarar.

"...ka ji ko? To, sai fuɗu. Oba."

Na ce na ji. Na kashe. Na ɗauka roƙona yake yi, kamar yadda ya saba.

Yanzu mu koma ƙarfe uku da minti ashirin. Makanikin ya ajiye akwatin kayan aikinsa a kan teburina, a kan littafina ma, sai da na janye shi.

"Malam, ɗan tashi in kwance."

"Sai bayan fuɗu. Haka takarda tac ce."

"Takarda ba ta ga gabas ba. Leƙa ka gani."

Direban ya ce daga bakin ƙofa, "In ruwanga ya sauko nan muka kwana, kuma ni ko bargo ban zo da shi ba. Uwargida ta ce in ban dawo ba ta ba kaji tuwona."

Na leƙa. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, iska ta tsaya cik, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Na ce musu akwai matakai biyar, kuma na ɗaya kaɗai aka yi. Makanikin ya dubi babban akawu, ya ce shi dai ya kwance na'ura ta fi goma, bai taɓa ganin wadda aka yi wa sallar jana'iza ba sai nan. Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Babban akawu ba mugun mutum ba ne. Baƙi ne daga Sakkwato a gabansa, yana so su tafi da labari mai kyau. Ya matso ya dubi bango.

"Mi ya rage a ƙusarka?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To?"

"Kebbe na da guda."

"Lamba nawa?"

"Ba a ba shi lamba ba."

"An rubuta shi?"

"Da sha biyu dai ba a rubuta ba."

Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. "Malam, ba kai ka hana mu sakat da maganar nan ba? Abin da ba a rubuta ba, ba saƙo ba na. Ashe babu komi a Kebbe."

Da wata hujja ya kawo, da na ja da shi. Amma maganata ce, da bakina na koya wa ofishin nan gaba ɗaya. Na roƙi minti biyu in gwada kira, aka ba ni. Na kunna, na kira Kebbe sau uku. Na san ba zai amsa ba, domin na'urarsa a kashe take sai huɗu, kamar yadda ni kaina na sha ja masa kunne ya riƙa yi. Babu komai sai ƙarar hadari.

Na tashi daga kujera. Makanikin ya zare igiyar batir ƙarfe uku da rabi. Ban san ɗakin yana da wani ɗan gurnani ba sai da ya ɗauke. Suka naɗe eriya, suka sa akwatin a bayan mota, suka rufe da tamfol, suka tafi. Na rubuta a littafina cewa an rufe ƙarfe uku da rabi bisa umarni, na ja layi a ƙasa da rula.

Ƙarfe huɗu ta same ni a kujerar, don jikina bai san wani wuri ba a wannan sa'a. A kan tebur akwai shacin inda na'urar ta zauna shekara shida, fes, kewaye da datti. Ƙusoshi uku a bango, ta farko babu komai. Na zauna ina kallon agogo har minti goman suka cika, sannan na je na yi alwala na bi jam'in la'asar. Hadarin ya karkata ya yi kudu. Ko ɗigo bai sauka a Tambuwal ba ranar.

Dole in faɗi abin da zan iya yi ban yi ba. Motar ofis tana nan ƙarƙashin dogon yaro, direbanmu yana dara da masu gadi. Asibitin garin yana da firji mai kananzir, a nan ake ajiye maganin dafi. Na ji da kunnena an ce a shirya mota, an ce mutum ne. Da na koma wurin babban akawu na tsaya a kan maganar, ina jin da ya bari. Amma zan je in ce masa me? In ce a tura mota tafiyar wuni guda cikin laka a kan maganar baki? Na tuna takardar tuhuma. Sai na yi abin da na iya: na rubuta 'yar wasiƙa cewa an rufe layi kafin lokaci, in akwai saƙo a aiko da hannu. Na sa hannu, na buga hatimi, na ba direban motar kasuwa wadda ba za ta tashi ba sai bayan kwana uku. Na koma gida ina gaya wa kaina cewa in abin mai nauyi ne za su turo mutum.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, babu wanda ya zo. Duk sanda ƙarfe takwas, ko sha biyu, ko huɗu ta yi, sai in ɗaga kai in nemi agogo. Aka mayar da ni ɗakin ajiye fayil. Na riƙa duban duk mai keke da ya shigo harabar ofis daga wajen kudu. Rashin zuwan kowa ya kamata ya kwantar mini da hankali, amma bai kwantar ba.

Rana ta tara, da hantsi, wata babbar mota ta tsaya bakin ofis. Aka sauke akwatin katako mai ɗauke da na'urar Kebbe, wani gajeren dattijo mai furfura a gemu ya sauko bayansa da littafi a hammata. Ya tambayi mai gadi ina ɗakin oba-oba. Da jin muryar na miƙe. Na zaci dogo ne, na zaci kuma yaro ne a kaina.

Muka gaisa. Bai yi barkwanci ba. Ya ce mu shiga ciki. Ya ajiye littafinsa a kan shacin na'urar, ya ce in ɗauko nawa.

"Alƙali, ba mu yi mataki na fuɗu ba. Karanta taka."

Na karanta lambar ƙarshe a littafina. Ya karanta tasa. Tasa ta fi tawa da ɗaya.

Ya juyo mini da littafin. Ga abin da ke rubuce, ban manta ko kalma ba: daga malamin asibiti, Kebbe, zuwa ofis, Tambuwal, mutum guda a Fakku, saran kububuwa tun da safe, ba ni da maganin dafi, a turo mota da magani yau, kada a jira gobe. An sa hannu. A gefe da rubutunsa: an karanta wa iska sau uku, ƙarfe huɗu.

Sai ya ba ni labari a tsaye, bai yarda ya zauna ba. Ranar Alhamis ruwa ake zubawa a Kebbe. Malamin asibiti ya dawo jiƙe sharkaf ya rubuta saƙon. Ƙarfe huɗu ya kira ni sau uku bai ji ni ba, bai yi mamaki ba, hadari ne. Ya karanta sau uku a hankali. Ya faɗi lambarsa, ya yi mini ban kwana, har da 'yar tsokana, ya ce ya rufe, ya zare batir. Ya juya ya ce wa malamin asibiti an aika, kuma Alƙali ba ya ɓatar da saƙo.

Malamin asibiti ya koma Fakku ya tarar 'yan'uwan mutumin sun ɗaure shanu a amalanke za su fito da shi babbar hanya. Ya hana su. Ya ce girgizar amalanke za ta ƙara masa zubar jini, mota na tafe, su bar shi kwance. Suka kwance shanu. Ranar Juma'a ƙanen mutumin ya wuni a bakin hanya yana sauraren ƙarar inji. Dafin kububuwa ba ya gaggawa, mutumin yana magana, har ya sha fura, sai dai jini ya fara fita ta dasashinsa. Ranar Asabar suka daina jin maganar malamin asibiti, suka ɗora shi a amalanke. Bai kai babbar hanya ba. Wasiƙata ta isa Kebbe ranar Lahadi.

"Na gaya maka maciji na, tun sha biyu," in ji shi. "Har na ce ka ji, kac ce ka ji."

"Ban ji ba."

"Na sani. Sai daga baya na tuna. Ka danna a kaina."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma da nasa laifin, da ya sake maimaitawa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, ban da akwati. Mutanen gidan sun ɗauka malamin asibiti ƙarya ya yi musu, bai aika komai ba, ya hana su tafiya a banza. Ba su zage shi ba. Sun dai daina gaishe shi, ƙauyen kuma ya bi su. Shi ya je ya nuna musu littafinsa, suka ce ai abokin malamin ne, komai zai iya rubutawa. Ya ce mutum guda ne za su yarda da shi, wanda ke ɗaya bakin layin. In zo in gaya musu an karanta saƙon, ba kowa ne a kujera ba.

Na ce zan zo in hanya ta bushe.

Ba a yi wani bincike ba. Littafina tsaf yake, an rufe bisa umarni, da layin rula a ƙasa. Hanya ta bushe, na ce sai bayan girbi. Bayan girbi na ji malamin asibitin ya nemi canji an mayar da shi wata ƙasa mai nisa, sai na ce wa kaina ai magana ta ƙare. Turakun waya suka yi shekaru kwance a bakin hanya, ciyawa ta rufe su. Mutumin Kebbe bai sake zuwa Tambuwal ba, ban sake jin muryarsa ba. Labarin rasuwarsa a bakin wani direba na ji shi, bayan an yi arba'in.

Yanzu ƙafafuna ba sa kai ni ko masallacin Juma'a sai an riƙe ni. Ban taɓa taka Fakku ba. Ban san sunan mutumin ba, domin saƙon bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne yana da ƙane, yana da shanun noma, kuma ya rasu a kan amalanke ranar Asabar, a daminar da aka ɗauke oba-oba daga Kebbe. Tsofaffin garin ba za su rasa gane gidan ba.

Mai karatu, in kai mutumin Fakku ne, ko kana da hanya ta can, ina roƙonka ka nemi gidan nan. In ƙanen yana raye ka same shi, in ba ya nan ka sami 'ya'yan mamacin. Ka karanta musu wannan daga farko, kada ka tsallake komai, kada kuma ka sassauta inda ya shafe ni. Ka gaya musu malamin asibiti bai yi musu ƙarya ba. Ya rubuta, ya sa hannu, an karanta saƙonsa sau uku ƙarfe huɗu daidai. Ni ne ya kamata in ji, ni ne kuma na tashi daga kujera.